Rasuwar Kyalla, Kitikar Bube na Kebbe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wuya wanda har yau bai koma daidai ba, Bube ɗan marigayi Maccido na Kebbe yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu buhunan da suka saba jira a bakin hanya, cewa Kyalla ta rasu.

Kyalla ita ce kitikarsa, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya wadda duk mai cin kasuwa tsakanin Kebbe da Tambuwal ya sani. Wanda bai santa da ido ba ya santa da kunne. Ta cika ranar Alhamis ta makon jiya, a mashigin rafi, a kan hanyarta ta zuwa neman magani, bayan doguwar jinya. Ciwon giyabos ne, wato akwatin haƙoran nan da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi.

Marigayiya haifaffiyar Ingila ce. Ba a san iyayenta ba. Ta zo ƙasar nan cikin jirgin ruwa, ta yi ƙuruciyarta a hannun wani Baturen gona, tana ɗaukar kujerarsa ta naɗewa da bahon wankansa da karensa. Ba ta taɓa yi wa kowa gorin wannan zamani ba. Da Baturen zai koma gida, aka sa ta kasuwa a Sakkwato. Shekarar ce Bube ya fito daga makarantar Midil, an kuma ware masa wata kujera a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, inda zai zauna yana kwafar rubutun wasu har gemunsa ya yi fari. Ya dubi kujerar. Ya dubi motar. Ya dawo Kebbe ya zauna a gaban mahaifinsa, bai tashi ba sai da tsohon ya ce to.

Garken gidan aka sayar aka sayi motar. Sambo, wan Bube, wanda ya san kowace saniya da kukanta ko da bai ganta ba, shi da kansa ya kora su zuwa kasuwar Tambuwal, ya dawo da sanda da igiyoyi. Guda ɗaya ta tsira, Yelwa, farar bokolo mai babban tozo. Ita ba ta Maccido ba ce balle ya sayar. Ta Inna Kulu ce, mahaifiyarsu, jikar karsanar da ubanta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan. Maccido ya hau motar sau ɗaya, ya sauka, ya ce ƙasa tana saurin wucewa. Bai ƙara ba har ya rasu. Sambo kuwa tun daga ranar shanun mutane yake kiwo, ladansa nonon da ya tatsa. Bai taɓa cewa uffan a kan wannan magana ba, kuma bai taɓa sa ƙafarsa cikin Kyalla ba. In sun haɗu a hanya sai ya kore shanun gefe, ya jingina da sandarsa, ya bari ƙanensa ya wuce.

Sunan kuma Inna Kulu ce ta raɗa mata. Baturen ya ja wani farin fenti a murfin injin, daga hanci har zuwa gilashi, don a riƙa gane motarsa daga nesa. Da Inna ta gani ta ce ai wannan kyalla ce, irin akuyar nan mai farin goshi. Suna ya zauna.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. An yi ta ne don Bature ɗaya da kare ɗaya, amma ta ɗauki dawa da gero da auduga, ta ɗauki masu dawar da masu geron a kan buhunansu, ta ɗauki ragunan layya da tukwanen Fakku, ba ta taɓa tambayar nauyin kowa ba. Ta kai masu naƙuda wurin ungozoma, ta kai wanda maciji ya sara asibiti, ta dawo da wasu a zaune wasu a kwance. Akwai wata yarinya a Fakku da aka haifa a bayanta tsakanin buhu biyu na gyaɗa, har yau in yarinyar ta ji ƙarar mota barci take yi. Marigayiya ba ta da girman kai. In ta kafe a yashi, tana karɓar turi daga hakimi da talaka ba bambanci. Ba ta son hawan tudu, ba ta kuma ɓoye hakan.

Tana da nata halin, ba za a ce ba ta da shi ba. Ba ta tashi da safe sai an roƙe ta. Bube zai soka ƙarfen tayarwa a hancinta ya murɗa, ta ce kuf. Ya sake murɗawa, ta ce kuf, kuf. Sai ya miƙe ya juya mata baya kamar ya yi fushi, ya dawo ya murɗa, sannan ta ce kurururuf, kajin unguwa su watse. In tana cikin nishaɗi a kan miƙaƙƙiyar hanya takan yi wani gunji mai laushi, hummm, wanda Bube ya fi sani fiye da muryar mutane da yawa. Odarta kuwa ɓaaf take cewa, kamar tsohon bunsuru, kuma jakunan hanyar Kebbe ba su taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba.

Ciwon ya faro ne da ɗigo. Duk inda ta kwana sai a wayi gari a ga ɗan baƙin tabo a ƙasa. Daga nan sai kuka, wani siririn iiiii daga ƙarƙashin sandar giya, kamar sauro a cikin tulu. Man da ake zuba wa giyabos ba a samunsa sai a kantin Gusau, ga shi kaka ta yi, kaya sun yi yawa, babu mai zuwa Gusau. Inna Kulu ta saurari kukan kwana biyu. A gidan Maccido abin da ya tsage ko ya bushe ko ya yi ƙara, maganinsa ɗaya ne, ko diddige ne, ko ƙwarya, ko kan jariri, ko ƙyauren ɗaki. Ta fito da ƙoƙon man shanu, na Yelwa, ta ajiye a gaban Bube. A Midil an koya wa Bube kogunan Ingila da sunayen sarakunanta, ba a koya masa abin da giyabos ke ci ba. Ya narka ya zuba.

Kukan ya tsaya. Wannan shi ne babban abin takaicin, domin da bai tsaya ba da an je Gusau. Sai gida ya tabbata an gano magani. Duk Juma'a Inna takan ware wa Kyalla nata rabon kafin ta ware na miya. Da rani marigayiya in ta yi zafi takan yi ƙamshi, har fasinjoji su ce yunwa ta kama su. Da ɗari kuwa man yakan daskare, sai an hura gawayi a ƙarƙashinta kafin sandar giya ta motsa. Karnukan Kebbe suka shiga raka ta har bayan gari.

Giya lamba fuɗu ce ta fara ɓacewa. Bube ya ce dama gaggawa ba ta da amfani. Lamba uku ta bi bayanta ranar wata kasuwar Fakku, da ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi. Lamba biyu ta riƙa tsalle tana fita da kanta, sai ya riƙe sandar da gwiwa, daga baya ita ma ta daina shiga. Lamba ɗaya ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta kai su har farkon damina. Ranar da ta sare, abin da ya rage wa Kyalla a duniya shi ne ribas. Da baya ta shigo Kebbe, ta ratsa kasuwa, ta wuce ƙofar masallaci, mutane suna ba ta hanya ba wanda ya yi dariya sai da ta ɓace.

Aka aika Tambuwal a kira Ɗangiwa bakanike, wanda ya koyi aikin mota a soja. Ya zo a kan keke. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta, ya kwance murfin. Ya zura hannu ciki. Sannan ya fito da fuskarsa, ya shinshina yatsunsa.

"Malam Bube, wagga mota ta, ko tukunyar miya? Wa az zuba mata man shanu?"

Daga bayan danga Inna Kulu ta amsa. "Ni ab ba shi. Kai in diddigenka ya tsage mi kaka shafawa?"

"Inna, ni diddigena ba shi da haƙora."

Ya zaro haƙoran ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan buhu, sun cinye kamar na tsohuwar tunkiya. Ya mayar da na ribas kaɗai, ya wanke hannu da toka, ya zauna, ya shimfiɗa wa Bube hanyoyi uku.

Ta farko, sabo dal daga kamfani a Kano. Su ma sai sun rubuta Ingila, jirgi ya kawo Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi. In an yi sa'a ya iso bayan kaka, lokacin da auduga ta riga ta tafi a bayan jakuna. Kuma ba abu ne da ake saye da kaji ba. Da Ɗangiwa ya faɗi haka sai ya waiga wajen turke, inda Yelwa ke tsaye da tsohon ciki tana tuƙa.

Ta biyu, gyara. Shi da wani maƙeri a Tambuwal za su ɗora wa haƙoran ƙarfe su goge da zarto. Bube ya tambaye shi ko zai riƙe. Ɗangiwa ya ce zai riƙe har tudun farko, daga nan kuma ba ya rantsuwa. Ya ce in an ga motar ta tsaya da mai naƙuda a tsakiyar daji, kada a ambaci sunansa.

Ta uku, na hannu. Akwai Na'iya mutumin Sanyinna, mai fataucin hatsi, yana da kitika irin Kyalla sak, uwa ɗaya uba ɗaya. Direbansa ya bar ta ba ruwa inji ya ƙone, tana nan jibge a filin Ɗangiwa kaji suna ƙwai a cikinta. Amma giyabos ɗinta lafiya lau, bai taɓa ɗanɗana man shanu ba.

Bube ya ari keken ya je Sanyinna. Na'iya ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya bari ya gama bayani.

"Ɗan Midil, ni ba kuɗɗi nika so ba," in ji shi. "Farar saniyar nan ta gidanku nika so, da abin da ac cikinta. Na daɗe ina kallonta."

Bube ya ajiye ƙoƙon ruwan.

"In kuma ba ka iyawa, ga wata. Kawo injinka a sa ma tawa. Mota tawa, tuƙi naka. Kasuwa biyu nawa, ta uku taka."

Bube ya ce shi da ya ƙi kujerar En'e ba zai dawo yaron wani ba. Na'iya ya ce to, Allah shi kiyaye hanya, ya gai da Inna.

Ya dawo gida ya auna ta kowane gefe. Gyara ba abin dogara ba ne. Sabo sai da Yelwa. Na hannu sai da Yelwa. Duk hanyar da za ta tashi Kyalla ta bar ta a hannunsa, ta turken nan take bi. Bai gaya wa kowa ba, amma gidan da mutum uku ne a cikinsa ba a ɓoye irin wannan. Ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna a cikin motar da rana tsaka, hannu a kan sitiyari, ba inda za shi.

Ranar Laraba da yamma Inna Kulu ta kwance igiyar Yelwa daga turke, ta naɗe ta, ta kawo ta ajiye a kan cinyarsa.

"Ga ta," in ji ta. "Ubanku ya ba da nashi, ni mi nika jira? Kuma ni ab ɓata maka motar."

Bube ya karɓa. Ana so a rubuta wannan yadda ya faru: ya karɓa.

Sambo yana bakin zaure yana wanke ƙafa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni za ni kai ta. Ba ta bin kowa sai ni."

Alhamis bayan sallar asuba aka kama hanyar Tambuwal, inda Na'iya zai karɓi saniya a filin Ɗangiwa a kwance wa Bube giyabos ɗin. Tun da marigayiya ba ta tafiya sai da baya, kuma saurin ribas bai wuce saurin saniya mai ciki ba, sai tafiyar ta tsaru haka: Sambo a gaba, Yelwa a gefensa, Kyalla tana binsu da gindi, Bube ya zuro kai ta taga ya murɗe wuya yana duban inda za shi.

Tun da ya fara tuƙi, ta gilashin gaba yake kallon duniya. Abin da ke bayansa ƙura ce, ba ruwansa da ita. Ran nan kuwa ba shi da ikon kawar da ido ko na ƙiftawa, in ya kawar sai rami. Abin da ke gabansa tun fitowar rana shi ne bayan wansa. Ya ga rigar ta sha faci har facin ma an yi masa faci. Ya ga diddigen Sambo, ba takalmi, ya tsattsage kamar fadama da rani, kuma man da ya kamata a shafa masa an san inda ya tafi. Ya ga hannun Sambo a kan tozon Yelwa, bai ɗauke ba. Ya ga bakinsa yana motsi, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ƙarar inji ta hana a ji. Duk inda suka tarar da ɗanyar ciyawa sai Sambo ya tsaya ya bari ta ci. A wani wuri ya duƙa ya cire mata kaska a kunne, ya murtsuke, ya duba ɗaya kunnen, kamar saniyar da za ta kwana a gida.

Kyalla kuwa tana ta faɗin abin da ya rage mata. Iiiii, ƙarr. Iiiii, ƙarr.

Da rana ta take suka iso mashigin rafi. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma gabas ta haɗa hadari, kuma kowa ya san rafin nan ba ya sallama kafin ya cika. Sambo da Yelwa suka haye. Kyalla ta gangara, ta shiga yashi, ta yunƙura za ta hau gaɓa. Ta ce ƙarrr. Ta ce ƙas. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe da ta shafi tafiya. Inji yana ta aiki, lafiyayye, muryarsa tas, amma ƙafafu sun daina jin kira. Tururi ya fara fita ta hancinta.

Bube ya taka mai. Ya sake takawa. Sannan ya ɗaga murya ya ce a ɗaura wa Yelwa igiya ta ja su zuwa gaɓa.

Sambo ya dube shi. Bai yi musu ba, da ma ba ya yi. Ya dawo da saniyar cikin rafin, ya zarga igiya a ƙarfen bayan motar, ya zagaya da ita ƙirjin Yelwa, ya soka rigarsa a ƙarƙashi don kada ta yanke ta. Ya yi mata ɗan tsaki irin nasu. Yelwa ba ta taɓa jan komai ba a rayuwarta. Ta waigo ta dube shi, ta sunkuyar da kai, ta ja. Igiya ta miƙe. Kofatanta suka nutse a yashi, cikin nan ya yi lilo, ya kusa taɓa ruwa. Bube yana kallo, domin wuyansa ya riga ya ƙage a wannan gefen, ko ya so ba zai iya juyawa ba.

"Yaya," in ji shi. "Kwance ta."

Sambo bai motsa ba. "Na'iya na jira."

"Shi jira. Kwance ta, mu mai da ita gida."

Sambo ya kwance igiyar a hankali, ya naɗe, ya mayar da rigarsa. Ya tako cikin ruwa har bakin taga. Tun da aka sayi motar bai taɓa matsowa kusa da ita haka ba. Ya saurari injin da ke ta haki, ya sa tafin hannu a kan murfin, ya janye da sauri.

"To yanka ta da hannunka tun tana da rai," in ji shi. "In ka bari tam mutu da kanta, mushe ta. Ko fatar ba mai so."

Haka ake yi wa saniyar da ta kwanta ba ta tashi, a kai mata wuƙa da wuri don naman ya halatta. Bube ya gane. Injin da aka bari yana tafasa zai bi na Na'iya. Ya kai hannu ya murɗa makulli. Kyalla ta ce kuf, ta girgiza sau ɗaya, ta yi shiru. Sai aka ji ruwa yana wucewa tsakanin tayoyi, aka ji Yelwa tana tuƙa.

Sambo ya shiga wani ƙauye kusa, wurin mutumin da ya taɓa yi wa kiwo, ya aro bijimai biyu. Aka fitar da gawa kafin ruwan sama ya sauko. Aka bar Yelwa a ƙauyen ta huta. Da bijiman aka shiga Tambuwal, an ɗaura su ta hanci, kuma wannan ce tafiyar marigayiya ta farko da fuska gaba tun farkon damina. Mutanen gari da yawa sun lura, sun ce ta yi kyau.

Na'iya ya leƙa bayan motar, ya leƙa hanya, bai ga saniya ba. Bube ya ce masa maganar nan ta biyu, in tana nan. Na'iya ya ce tana nan. Aka tafa a gaban Ɗangiwa. Mota ta Na'iya, tuƙi na Bube, kasuwa ta uku tasa. Sambo ya ce sharaɗin bai yi muni ba, shi da nono kawai ake sallamarsa.

Da aka kore kaji aka dasa injin a jikin motar Na'iya, Ɗangiwa ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya, ba roƙo ba fushi. Bube ya zagaya ta. Koriya ce, ba tabo a goshinta, kujerarta ba ta san shi ba. Ya tsaya nesa da hannu a aljihu ya ce shi bai san wannan ba, ba zai iya tuƙa ta ba. Na'iya ya fara ɓata rai.

Sambo ya ja Ɗangiwa gefe ya nuna masa murfin Kyalla mai farin fenti. Ya ce a cire a ɗora wa waccan.

"Don mi?" in ji Ɗangiwa. "Nata lafiya lau shi ke."

Sambo ya ce a garke, in ɗan maraƙi ya mutu, uwar takan riƙe nononta ta ƙi sakarwa kowa. Sai a feɗe mataccen, a yafa fatarsa a bayan wani maraƙin, a kai mata. Ta shinshina, ta lasa, ta saki nono.

Bube yana ji. Ya ce, "Ita saniyar ba ta san ba nata na ba?"

"Ta sani," in ji Sambo. "Tana dai son a ba ta dalili."

Aka ɗora murfin. Bai zauna daidai ba ta gefen hagu, sai da aka ɗaure da waya. Bube ya daɗe a tsaye. Daga baya an ga ya shafa farin fentin da tafin hannu, daga hanci zuwa gilashi, ya buɗe ƙofa ya shiga.

Marigayiya ta rasu ta bar inji ɗaya, wanda yanzu yake riƙo a gidan Na'iya na Sanyinna, kuma an ce ya saba. Ta bar murfi, yana tare da injin. Ta bar kujera, wadda aka kai zauren gidan Maccido, Inna Kulu ta ce ta fi tabarma. Ta bar oda, Ɗangiwa ya riƙe ta a bakin wahalarsa, maƙwabtansa suna ji. Ta bar tayoyi fuɗu. Uku sun bi injin, ta fuɗun an kai wa baduku ya yanka takalma, an kuma auna ƙafar Sambo, ko da yake ya ce shi ba ya bukata. Ta bar gangar jiki a filin Ɗangiwa, kajin da aka tasa daga waccan sun riga sun tare. Ta bar karnukan Kebbe cikin maraici. Ta bar Bube, direban wani.

Ta kuma bar Yelwa, wadda ta ciyar da ita shekara da shekaru ba ta taɓa jin godiya ba. Yelwa ta dawo turkenta, ta haihu ranar Asabar, mace. Ba a sa wa 'yar suna ba tukuna. Akwai sunan da ke bakin Inna Kulu, an roƙe ta ta dakata.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya kuma nemi kada a sake tambayarsa. Saboda haka giyabos kaɗai za a binne, ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan tsohon garken Maccido. Za a zurfafa ramin saboda karnuka. Sambo ne zai haƙa, shi ya nema.

Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan har magariba. Ana roƙon masu zuwa su tsaya ta hannun daman mai makoki, domin nan wuyansa yake kallo. Wanda yake da shawarar yadda da an yi da ba ta mutu ba, ya riƙe abarsa. Kada kowa ya kawo man shanu.

Masu buhuna su sani mota za ta koma hanya ranar kasuwar Tambuwal mai zuwa. Duk wanda ya hango farin goshi daga nesa ya ɗaga hannu ya kira Kyalla, za a tsaya masa, ba kuma za a gyara masa ba.

Ba a yanka komai ba, ba kuma za a yanka ba. Fura da nono za a ba baƙi. Nonon na gida ne.